Motar da Za Ta Kai Inna Madina

Maigidana mutum ne da in ya sayi tsintsiya sai ya tambayi mai shago ko akwai kwadon da ake kulle ta da shi. Tun muna Damagaram haka yake, da muka dawo Jidda kuma abin ya samu taki. Rediyonsa tana da riga, rigar tana da zif, zif ɗin yana da ɗan kwado. Ban taɓa jin an sace masa ko allura ba, amma shi a ganinsa wannan ita ce shaidar cewa dabararsa tana aiki.

A lokacin muna zaune a unguwar Waziriyya, a hawa na biyu na wani gida mai matsattsen bene. Yana sayar wa alhazai darduma da carbi da jarkokin zamzam a shagon kafilinsa, wato Balaraben da takardun zamanmu suke ƙarƙashin sunansa. Da hali ya samu sai ya ɗauko mahaifiyarsa daga gida, ya yi mata iƙama, wato takardar izinin zama, ta sauke farali. Inna muke ce mata, ni da shi da yara. Abu ɗaya ya rage mata a duniya, shi ne Madina. Shekarar da ta yi hajji ciwon baya ya kwantar da ita, ayarinsu ya tafi ziyara ya bar ta. Tun daga nan bayan bai sake barinta ta daɗe a zaune ba, balle a kujerar bas, kuma hanyar Madina ba nan kusa ba ce.

Sai dai maigidana ɗan fari ne, Inna kuwa mutuniyar zamanin da ce. Ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta taɓa buɗe baki ta roƙe shi ko ruwan sha ba. In za ta ambace shi sai ta ce “wancan”. In tana da bukata, sai ta jira ya shigo, ta juya ta fuskanci bango, ta faɗa wa bangon. Ni ce nake kwasowa daga bango in kai masa, ko da yana zaune a wurin da kunnuwansa biyu. Wata rana bayan la'asar ta ce wa bango mutane dai suna ta tafiya gaida Manzo, masu rabo. Na juya na faɗa masa da Hausar da kowa yake ji: uwarka tana son a kai ta Madina.

Gaskiya ɗaya ce, ya motsa. Ba a yi wata ba ya zo mana da wata farar mota da ban taɓa ganin irinta ba. Wani Bature injiniya ne ya gama kwangilarsa zai koma ƙasarsu, ya sayar. Daga waje kamar motar ɗaukar marasa lafiya, daga ciki kuwa gida ne sukutum: ga ɗan murhun gas, ga wurin wanke hannu, ga labule a taga, ga kabad, can baya kuma ga gado mai katifa. Larabawa suna ce mata karafan, 'yan unguwarmu suka sa mata tafi-da-gidanka. Aka riƙo Inna aka sauko da ita bene, ta hau, ta taɓa katifar, ta kwanta ta miƙe ƙafa. Na ga tana murmushi tana ɓoye baki da gefen mayafi. Ta ce wa labule, Allah ya yi wa wancan albarka. A ranar ta haɗa jakarta, ta ajiye ta a bakin ƙofar ɗakinta.

Da a ce mun tashi washegari, da wannan labarin bai kai a rubuta ba. Amma da safe maigidana ya sauka ya tarar da telan da ke ƙasan gidanmu, wani ɗan Chadi mai yawan raha, ya jingina da motar yana shan shayi a inuwarta. Ya hawo sama fuska a murtuke. Ya ce mota irin wannan ba a barinta haka a titi, duk wanda ya wuce sai ya leƙa, yau jingina ce gobe kuma sai a nemi ƙofa. Na ce to mu tafi mana, in muna hanya wa zai jingina? Ya ce ai a hanya ma ake tsayawa salla, a Madina kuma za ta kwana a waje. Rigakafi ya fi magani. Tafiya sai an sa mata jiniya.

Ya kai ta Bani Malik, layin masu wayar mota, ta yi kwanaki a can. Ta dawo da wata 'yar jar fitila tana ƙiftawa a gaban gilashi, shi kuma ya dawo da ɗan rimot a aljihu da takun mutumin da ya ci zaɓe. Mai wayar ya ba shi zaɓin kuka iri-iri, har da mai kama da kukan tsuntsu. Shi ya zaɓi wanda ya fi kama da na motar 'yan sintiri, wai don ɓarawo ya san ba wasa.

Abin da maigidana ya manta shi ne unguwar da yake zaune. A layinmu, in ka ɗauke mu da mai baƙala, shagon kayan masarufin da ke kan kwana, sauran kusan kowa da irin labarinsa da takarda. Wani iƙamarsa ta ƙare yana jiran kafili ya dawo daga tafiya, wata ta zo umara ne tun jikanta yana goye ga shi har ya shiga makaranta. Mutane ne masu neman halaliyarsu, amma kunnensu kullum a kan titi yake. Ranar farko da wata kyanwa ta yi tsalle ta hau rufin motar, ina kan taga ina tsince shinkafa. Jiniya ta ɗauka. Kafin in ajiye faranti layin ya zama wayam. Mai gyaɗa ta bar tirenta, mai wankin mota ya bar bokiti yana malala, wani mai aski ya bar mutum da rabin kai. Telan nan na gan shi ya haura katangar bayan masallaci da tef ɗin awo a wuya, alhali takardunsa garau suke. Da aka tambaye shi daga baya, sai ya ce shi ya san iƙamarsa lafiya lau, ƙafafunsa ne ba su iya karatu ba.

Maigidana da ya ji labari daɗi ya kama shi. Ya ce ka ga aiki, ko ɓarawo bai zo ba an gudu.

Kyanwoyin Jidda kuwa ba su da iyaka, kuma duk suka gane rufin nan ya fi ko'ina daɗin kwanciya. Babbar mota in ta wuce, jiniya. Yara in ƙwallonsu ta taɓa taya, jiniya. Wani lokaci ba kowa ba komai, zafin rana ne kawai ya ishe ta, sai ta tsala ihu ana tsakiyar ƙailula. Maigidana yana shago da rimot a aljihu, don ba ya yarda ya bar mini, wai zan danna inda ba daidai ba. Sai ta yi kukanta ta gaji ta yi shiru. Matan layi suka daina amsa gaisuwata da daɗi. Mai gyaɗa ta aiko mini da saƙo cewa in mun tashi korarsu daga unguwa mu faɗa musu da baki, ba sai mun sayo hukuma mun ɗaure a ƙofar gida ba.

Na kai masa ƙorafi, ya ce zai mayar a rage mata ji. Ta koma Bani Malik. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri: ta dawo da jin nata yadda yake, an kuma ƙara mata wata sandar ƙarfe mai kulle sitiyari, da wani maɓalli a ɓoye da in ba a taɓa shi ba injin ba zai tashi ba. Ko ni bai nuna mini inda yake ba. Ana nan kuma wani ɗan Najeriya da ke aiki a asibiti, abokin sallarsa, ya leƙa ciki ya ga tukunyar gas, ya kama baki. Ya yi masa bayani rabi Hausa rabi Turanci a kan gobara da iskar da ke kashe mutum yana barci. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Aka sayo jar tukunyar kashe wuta, aka liƙa wani farin faifai a rufi mai sansanar hayaƙi, aka haɗa shi da uwar jiniyar. Kowane ƙari da makonninsa, na nema da na ɗaurawa da na gwaji.

Jakar Inna tana nan a bakin ƙofa. Nakan ɗaga ta in share ƙarƙashinta in mayar. Inna ba ta ce komai ba sai abin da take faɗa wa bango, shi ma ya fara raguwa. Ta ce an ce sanyi ya fara sauka a Madina. Bayan watanni ta ce an ce dabino ya nuna a Madina. Ni kuwa ba kunyar ɗan fari a kaina, na sa shi gaba da safe da yamma. Amsarsa ɗaya ce, da Larabcin kasuwa: bukra insha Allah, gobe. In na matsa sai ya ce, “Ita Inna ta yi magana ne? Ke ce mai gaggawa. Ita ta san ana shiri.”

Wannan magana ta fi komai ƙona mini rai. Ya san sarai ba za ta yi magana ba, a cikin wannan al'ada aka haife shi. Shirun da aka yi don girmama shi, shi ya ɗauka ya yi matashin kai da shi.

Abu ɗaya ya yarda da shi, shi ma sai da na yi kwana biyu ban kula shi ba: ranar Juma'a in ya dawo masallaci yakan kashe jiniya ya buɗe motar ta sha iska, a sauko da Inna ta ɗan kwanta a gadon. Ta fi son nan da ɗakinta, don tana ganin titi ta labule, mata suna tsayawa su gaishe ta. Har ta kai ƙaramin matashinta ta bari a can. Wata Juma'a ta ce mini motar tana warin Bature, a kawo mata kasko. Duk wanda ya san tsofaffinmu ya san ba sa yarda da ɗakin da bai sha turaren wuta ba. Na kawo garwashi, ta zuba turarenta mai kyau wanda ta yi ta ɓoyo tun daga gida, ta ja labule, ta rufe ƙofa don ya kama katifa. Ni ban tuna da farin faifan rufi ba, shi kuma ashe ba ya cikin abin da rimot yake kashewa.

Ihun da motar ta yi ranar ya fi na kullum, ga na faifai ga na uwar jiniya. Masu zaman inuwa bayan Juma'a suka watse, ƙafa me na ci ban ba ki ba. Maigidana ya diro daga bene ba hula, ya fizge ƙofa, ya ga hayaƙi, ya ciro jar tukunya ya feshe kasko da labule da gefen zanen Inna da farin gari. Da ƙura ta lafa, ya durƙusa yana shafa shimfiɗar ƙasa yana duba ko garwashi ya ƙona ta. Ya duba kujera, ya duba labule. Inna tana zaune a bakin gado tana tari, fara fat har gira. Sai da na ce masa, “Alhaji, ga uwarka nan fa,” sannan ya ɗago.

Ya ji kunya, ban hana masa wannan ba. Ya yi ta sannu, ya riƙe ta har sama. Amma da yamma na ji yana cewa dole a mayar da mota a sake cika tukunyar kashe wuta, a wanke ciki, don ba a shiga hanya da tukunya fanko.

Inna ba ta sake sauka wurin motar ba. Bayan 'yan kwanaki matar tela ta hawo gaishe ta, suka daɗe suna magana ƙasa-ƙasa. Ashe tela zai kai iyalinsa ziyara a tsohuwar motarsa, wata doguwa mai buɗaɗɗen baya wadda ƙofarta ɗaya da igiya ake ɗaure ta, ba a ma kulle ta don ba abin da zai kullu. Sun ce za su kwantar da kujerar baya su shimfiɗa katifa. Ba su roƙi izinin kowa ba sai nata, ita kuma ta amsa.

Da na faɗa wa maigidana, sai ya yi tsalle ya dire. Me mutane za su ce, ga mota a ƙofar gida a ɗauki uwarsa a akwalar tela? A ba shi mako ɗaya tak. Ya je ƙofar ɗakinta ya tsaya yana bayani, ita tana ninke mayafi tana kallon bango. Da ya gama, ta yi magana, ba da shi ba, da ni.

“Ki ce wa wancan na yafe masa. Ya zauna ya yi gadi, kada a sace.”

Ba da gatse ta faɗa ba, abin da ya sa ta fi ciwo ke nan. Da safe aka sauko da ita da jakarta. Ta wuce ta gefen farar motar, jar fitila tana ƙiftawa, ba ta ko waiwaya ba. Maigidana ya ce wa tela su yi gaba, shi zai biyo su ya ɗauko ta a dawo da ita cikin daraja, da zarar an gama wankin ciki.

Tela ya bugo wayar shagon baƙala ya ce sun isa lafiya, an tura Inna a keken guragu har cikin masallaci, ta yi sallama ga Manzo, ta yi kuka, ta ci abinci da yawa. Na yi murna har na yi rawa a kicin. Maigidana ya ce ka gani, da an jira shi da ta fi jin daɗin hanya.

Waya ta biyu da hantsi ta zo, kwana kaɗan bayan ta farko. Mai baƙala da kansa ya hawo bene, abin da bai taɓa yi ba. Inna ta yi sallar asuba, ta koma ta kwanta, ba ta tashi ba. Tela ya ce ana ta shirin takardu, za a yi mata salla bayan la'asar, in Alhaji ya taso yanzu zai samu.

Na aika aka kira shi daga shago. Na ce mu je tasha mu ɗauki mota ko ta nawa ce. Ya ce a'a, tasa ta fi sauri, don wannan ranar aka saye ta. Ya danna rimot, shiru. Ya buɗe da makulli, ya kwance sandar sitiyari, ya laluba maɓallin ɓoye, ya murɗa. Ko tari ba ta yi ba. Watannin da ta yi a tsaye tana ƙifta ido tana yi wa kyanwoyi ihu, jiniya ta tsotse batir tas.

Mai baƙala ya ciro batirin motarsa ya kawo. Ana haɗawa jiniya ta farka ta kama kururuwa. A ranar ba wanda ya gudu. Mai gyaɗa tana tsaye, mai aski yana tsaye, duk mutanen da aka yi wata da watanni ana firgitawa sun zagaye motar, wasu sun riga sun dafa bayanta ko za a bukaci turi. Rimot ya ƙi ji. Maigidana ya cusa hannu ya fizge wayoyin da ƙarfi, ta yi shiru, injin ma ya ƙi tashi, don an ɗaura ta ne yadda in ɓarawo ya tsinke waya mota ba za ta motsa ba. Aikin ya yi kyau, an gina shi don ya hana mutum tafiya, ya kuma hana. Na sake cewa mu je tasha. Ya ce yanzu za ta tashi. Aka tafi Bani Malik neman mai waya, aka tarar an rufe shaguna an tafi azahar. Kafin ya zo ya kwance abin da ya ƙulla, rana ta karkata.

Na bar yara wurin mai gyaɗa, muka kama hanya. Motar kuwa lafiyayya ce, ba ta ko girgiza, Baturen bai cuce mu ba. Maigidana ya kafa ido a kan titi yana ta tuƙi. La'asar ta same mu a tsakiyar duwatsu, ya tsaya a gefen titi, muka yi salla. Ya daɗe a zaune bayan sallama yana kallon hanya, don ya san abin da ake yi a wannan lokacin a can. Na tanadi maganganu da yawa da zan faɗa masa, na watanni, amma da na ga bayansa yana rawa sai na haɗiye su. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma bai sake ni ba.

Mun shiga Madina ana shirin magariba. Tela yana jiranmu a inda ya kwatanta, da jakar Inna a hannu. Ya rungume maigidana, ya ce an yi mata sutura, jama'ar da ta sallace ta ba ta ƙirguwa, ya zo ya nuna masa wajen kafin a rufe maƙabarta. Maigidana ya bi shi. Ya bar ƙofa a buɗe, makulli a jiki, bai ko waiwayo ba.

Ni na zauna a ciki, tunda mata ba sa shiga. Na ɗauki jakar na kai baya. Katifa tana nan a shimfiɗe, an wanke ta, amma har yanzu da ɗan ƙanshin turaren nan. Matashinta yana inda ta bar shi. Gadon da aka sayi motar dominsa ya iso Madina lafiya, ba a sace ko labulensa ba. Na ɗora jakar a kai, na zauna a ƙasa kusa da shi, na yi kukana.